Mayar Da Jarin Rance Daga Asusun Miji Zuwa Na Mata: Darasi Daga Kasuwar Birtaniya

A cikin watan Maris na shekarar 2005 ne wani kamfani mai suna Zopa ya soma aiki a Birtaniya da wata sabuwar dabara ta ba da rance wadda ba ta bi ta banki. Aikin kamfanin dillanci ne: yana haɗa mai rarar kuɗi da mai neman bashi ta hanyar intanet, ya karɓi la'adarsa, ya bar mai kuɗin da ribar ko hasarar da ta biyo baya. A 2010 wasu kamfanoni biyu, RateSetter da Funding Circle, suka bi sawu, na farko yana mai da hankali kan bashin ɗaiɗaikun mutane, na biyun kuma kan ƙananan masana'antu da 'yan kasuwa. Da yake kuɗin ruwan da bankuna ke biyan masu ajiya ya faɗi ƙasa warwas bayan rikicin kuɗi na 2008, dubban magidanta, musamman waɗanda suka yi ritaya, sun kwashi ajiyarsu suka zuba a wannan harka.

Bayan 'yan shekaru sai wata tambaya ta riƙa tasowa a gidaje da dama, wadda ba a yi tunaninta ba a ranar buɗe asusu: idan miji ya tara rance mai yawa da sunansa, yana iya mayar da shi asusun matarsa, ko mata ta mayar wa mijinta? A ido abin kamar mai sauƙi ne, tun da kuɗin gida ɗaya ne. Amma waɗanda suka gwada sun tarar cewa doka da hukumar haraji da kamfanin dillancin kowannensu yana da tasa magana, kuma wanda bai saurare su ba yakan biya farashin gaggawarsa.

Abin da mai zuba jari ya mallaka

Kafin a fahimci wahalar, wajibi ne a san abin da ke cikin irin wannan asusu. Wanda ya ajiye kuɗi a banki, bankin ne ya ci bashinsa, kuma duk ranar da ya so zai je ya karɓa. Wanda ya zuba kuɗi a kamfanin dillancin rance kuwa, an rarraba kuɗinsa ne gutsi-gutsi ga masu cin bashi da yawa domin rage haɗari. A Zopa, alal misali, an riƙa yanka kuɗin zuwa gutsattsarin da ba su wuce fam 10 ba ga mai ƙaramin jari. Kowane gutsure yarjejeniya ce mai zaman kanta tsakanin mai ba da rance da mai karɓa, da wa'adinta, wanda kan kai shekara biyar.

Ke nan adadin da ake gani a fuskar kwamfuta ba tsabar kuɗi ba ne, jimlar alkawura ce ta ɗaruruwan mutane, kowanne ɗauke da sunan wanda za a biya. Mayar da su ga wani yana nufin sauya sunan mai bin bashi a kan kowace yarjejeniya, ko dai ta hanyar sallama haƙƙi ga sabon mai shi, ko ta soke tsohuwar yarjejeniyar a ƙulla sabuwa. Ko wacce aka zaɓa, sai kamfanin ya yarda, domin shi ke riƙe da littafin, shi ke karɓar biya yana rabawa.

Har ila yau, wannan jari ba ya cikin inuwar hukumar FSCS mai biyan diyya ga masu ajiya idan banki ya durƙushe, wadda a 2017 aka tsayar da iyakar abin da take biya a fam 85,000 ga mutum ɗaya. Saboda haka duk wanda aka mayar wa rance, an mayar masa da haɗarinsa gaba ɗaya.

Dalilin da ya sa ake son mayarwa

Babban dalili shi ne haraji. Ko da yake tun 1882 dokar Ingila ta amince matar aure ta mallaki dukiyarta ita kaɗai, hukumar haraji ta ci gaba da lissafa kuɗin shigar mata a matsayin na mijinta har zuwa ranar 6 ga Afrilu, 1990, lokacin da tsarin da Ministan Kuɗi Nigel Lawson ya sanar a kasafin 1988 ya fara aiki. Daga ranar ne kowane ɗaya daga cikin ma'aurata ya zama mai biyan haraji da kansa, da rangwamensa da matakinsa.

Wannan sauyi ya buɗe ƙofa ta halal a idon doka. Idan miji yana kan matakin kashi 40 cikin 100, matarsa kuma tana kan na kashi 20 ko ba ta da albashi sam, to gidan zai biya haraji kaɗan idan jarin yana hannun matar. A watan Afrilun 2016 an ƙara wani rangwame a kan kuɗin ruwa: fam 1,000 na farko a shekara ba haraji ga mai ƙaramin mataki, fam 500 ga mai matakin kashi 40, wanda ke kan mataki na ƙoli, na kashi 45, bai sami komai ba. Kuɗin ruwan da ake samu daga dillalan rance yana cikin wannan rangwame.

A ɗauki misali a kan waɗannan ƙa'idoji na 2016. Magidanci ya zuba fam 40,000, yana samun kashi 6 cikin 100, watau fam 2,400 a shekara. In yana matakin kashi 40, za a cire masa 500, a ɗora haraji kan 1,900, ya biya fam 760. Da jarin na matarsa ne mai matakin kashi 20, za a cire 1,000, a ɗora kan 1,400, ta biya fam 280. Bambancin fam 480 ne kowace shekara. In kuwa ba ta da wani kuɗin shiga, ba za ta biya ko sisi ba, domin ribar ba ta kai rangwamen da kowane ɗan ƙasa ke da shi ba, wanda aka ɗaga zuwa fam 12,570 a 2021.

Akwai wasu dalilan ban da haraji. Wani tsufa ne ya zo, yana so matarsa ta saba da harkar tun yana raye. Wani rashin lafiya ce. Wasu kuma rabuwar aure ce ta tilasta a raba abin da aka tara.

Hanyoyi uku da tsadar kowace

Hanya ta farko ita ce a roƙi kamfanin ya sauya sunan kai tsaye. Ita ce mafi arha, amma ba kowane kamfani ke yarda da ita ba, domin an gina na'urorinsu da sharuɗɗansu ne a kan mutum ɗaya, asusu ɗaya. Bugu da ƙari, dokokin hana halatta kuɗin haram, waɗanda aka sabunta a 2017, sun wajabta wa kamfani ya tantance kowane abokin hulɗa, kuma a al'ada ba a biyan kuɗi sai zuwa asusun banki mai ɗauke da sunan mai jarin. Takardar aure ba ta ɗauke wa matar wannan tantancewa.

Hanya ta biyu ita ce sayarwa. Manyan kamfanonin sun kafa kasuwa ta cikin gida inda mai son fita zai sayar da rancensa ga sauran masu zuba jari. Miji zai sayar, ya fitar da kuɗin zuwa bankinsa, ya ba matarsa kyauta, ita kuma ta zuba a nata asusun. A nan ne lissafi ke canzawa. Zopa ya riƙa cajin kashi 1 cikin 100 a kan sayarwa, Funding Circle kuma daga ƙarshen 2019 ya sa mai sayarwa ya bar wa mai saye kashi 1.25 cikin 100. A misalin da ya gabata, kashi 1 na fam 40,000 shi ne fam 400. In kuɗin ya yi wata guda a zaune kafin a sake ba da shi rance, an yi hasarar wasu fam 200. Ke nan an kashe 600 domin a tsira da 480, kuma sai an shiga shekara ta biyu kafin a fara ganin amfanin. Daɗin daɗawa, in kuɗin ruwa ya tashi a kasuwa bayan an ba da rancen, sai mai sayarwa ya rage farashi kafin ya sami mai saye.

Wasu ma'auratan sukan yi dabara a kamfanonin da ake zaɓen rance ɗaya bayan ɗaya: miji ya kasa a kasuwa, mata na zaune da tata kwamfutar tana jira ta saye nan take. Sai dai kasuwar ta kowa ce, kuma akwai masu barin na'ura tana saye musu da kanta. Sau da yawa rancen mai kyau yakan faɗa hannun baƙo kafin matar ta danna, a bar ta da wanda ba mai so.

Hanya ta uku ita ce haƙuri. Miji ya dakatar da sake juya kuɗin, duk abin da aka biya a wata ya fitar ya miƙa wa matar, har asusunsa ya ƙare da kansa. Ba la'ada, ba rage farashi, amma aikin na iya cin shekaru.

Ko wace hanya aka bi, akwai ragowar da ba ta motsi. Kamfanoni ba sa barin a sayar da rancen da mai cinsa ya daina biya. Irin wannan yana zama a tsohon asusu har sai an kammala bin sawunsa. Tun daga 2016 dokar haraji ta ba mai jari damar cire mataccen bashi daga ribar da ya samu a irin wannan harka kafin a yi masa lissafi, amma damar ta wanda bashin ya mutu a hannunsa ce. Wanda aka sallama wa bashi bayan ya riga ya mutu ba shi da wannan sassauci.

Kyauta sai ta zama kyauta

Dokar Birtaniya ba ta ɗora harajin ribar kadara a kan abin da ma'aurata masu zaman tare suka mayar wa juna, kuma a mafi yawan lokuta ba harajin gado a tsakaninsu. Amma hukumar haraji ta HMRC tana da sharaɗi: dole kyautar ta kasance ta gaskiya, babu igiya a jikinta. In miji ya sa sunan matarsa kawai alhali ya riƙe ikon karɓe uwar kuɗin, ko ya ba ta ribar ya riƙe asalin jarin, za a ci gaba da lissafa harajin a kansa kamar ba a yi komai ba. Inda kuma suka mallaki abu tare, doka na ɗaukar ribar rabi da rabi ce, sai in sun cika wata takarda da ake kira Fom 17 tare da hujjar cewa rabon mallakar ba haka yake ba.

Ma'anar wannan a fili take, kuma ita ce wurin da mutane da yawa ba sa tsayawa su yi tunani. Daga ranar da aka mayar, dukiyar ta matar ce. Tana iya sayarwa, tana iya kyautarwa, tana iya yin wasiyya da ita ga wanda ta so. In ana bin ta bashi, masu bin ta za su iya kai hannu. Ba a cin rangwamen haraji kuma a riƙe mallaka a lokaci guda.

Ga waɗanda aurensu ya mutu, an sassauta doka daga Afrilun 2023. A da, damar mayar da kadara ba tare da harajin riba ba tana ƙarewa ne da ƙarshen shekarar harajin da aka rabu a cikinta. Sabon tsarin ya ba da har shekarun haraji uku bayan wadda aka rabu a cikinta, kuma babu iyakar lokaci in mayarwar tana cikin yarjejeniyar rabuwa ta hukuma.

Shingen asusun ISA da na sabon shiga

A Afrilun 2016 gwamnati ta yarda a riƙa sanya irin wannan rance cikin asusun ISA, wanda ribarsa ba ta da haraji, kuma a 2017 aka ɗaga abin da mutum zai iya zubawa a shekara zuwa fam 20,000. Asusun ISA na mutum ɗaya ne tak. Ba a haɗa shi da kowa, ba a mayar da shi ga miji ko mata muddin mai shi yana raye, kuma da tsabar kuɗi ake zubi a cikinsa. Wanda ya fitar da kuɗi daga nasa domin ya ba matarsa ya rasa kariyar harajin a kan abin da ya fitar, ita kuma ba za ta zuba fiye da iyakar shekara a nata ba.

Mutuwa ce kaɗai ta sami togiya. Ga waɗanda suka rasu daga ranar 3 ga Disamba, 2014, ana ba mijin ko matar da aka bari ƙarin damar zubi daidai da darajar asusun mamacin, a kan iyakarta ta shekara. Ana da shekara uku daga ranar rasuwa a yi amfani da damar, ko kwana 180 bayan kammala rabon gado in shi ne ya fi nisa.

Shinge na biyu daga hukumar FCA ya fito, wadda ta karɓi sa ido kan harkar a Afrilun 2014. Daga ranar 9 ga Disamba, 2019, sabon mai zuba jari sai ya ci jarrabawar fahimtar haɗarin, kuma in bai nemi shawarar ƙwararre ba, ba a so ya zuba fiye da kashi 10 cikin 100 na dukiyar da yake iya juyawa. A 2023 aka ƙara jiran sa'a 24 ga mai shiga karo na farko. Matar da ba ta taɓa harkar ba sabuwar shiga ce a idon hukuma, komai daɗewar mijinta a ciki. Domin ta karɓi fam 40,000 a ƙarƙashin wannan iyaka, sai ta kasance tana da dukiyar juyawa ta fam 400,000.

Ranar da ƙofa ta rufe

Duk waɗannan dabaru sun dogara ne da samun mai saye. Masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A Fabrairun 2018 kamfanin Collateral ya rushe, a Mayun 2019 kuma Lendy ya bi shi da rance na kimanin fam miliyan 160 a waje, aka bar masu jari suna jiran masu kula da karyewar kamfani shekara da shekaru. Da annobar korona ta zo a 2020, masu son fita suka yi yawa, masu saye suka ɓace. Funding Circle ya dakatar da kasuwarsa ta sayarwa a watan Afrilu, RateSetter kuma ya rage ribar masu jari da rabi a watan Mayu domin ya ƙarfafa asusunsa na cike giɓi. Ma'auratan da suke tsakiyar mayarwa suka tsinci kansu rabi a nan, rabi a can.

Daga nan manyan suka janye ɗaya bayan ɗaya. Bankin Metro ya sayi RateSetter a 2020, aka rufe asusun masu jari a Afrilun 2021. Zopa, wanda ya riga ya zama banki, ya sanar da barin harkar a Disamban 2021 ya saye rancen daga hannun masu shi. Funding Circle ya rufe ƙofarsa ga ɗaiɗaikun masu jari a Maris na 2022. Abin da ya rage galibi ƙananan kamfanoni ne masu ba da rance kan jinginar gidaje da filaye, amma dokokin mallaka da na haraji da aka bayyana suna hawa kansu su ma.

Inda mai asusu ya rasu, wahalar ta fi haka. Kamfani ba ya sakin komai sai ga wanda kotu ta tabbatar a matsayin mai kula da gado, kuma rancen da wa'adinsa bai cika ba yana iya jinkirta rabo. Shiga asusun mamaci da lambobin sirrinsa, ko da matarsa ce, ya saɓa wa sharuɗɗan kamfani kuma yana iya jawo tuhuma daga sauran magada. Ga wanda hankalinsa ya raunana saboda tsufa ko ciwo, sai da izinin doka, kamar takardar wakilci ta dindindin da aka yi wa rajista, wani zai iya taɓa asusun.

Abin lura ga 'yan kasuwarmu

Irin wannan harka ta tara jari ta intanet ta iso Nijeriya. A Janairun 2021 Hukumar Kula da Hada-hadar Hannun Jari, SEC, ta fitar da ƙa'idojinta, inda ta taƙaita abin da ƙaramin mai jari zai zuba a shekara zuwa kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarsa, a Maris na 2025 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari da hannayen jari. Mutane da yawa ba sa kusantar rance mai kuɗin ruwa saboda haramcin riba, amma tambayar mallaka tana nan daram ko da tsarin na raba riba da hasara ne.

A shari'ar Musulunci dukiyar mata tata ce, ta miji tasa ce, aure bai haɗe su ba. Malaman mazhabar Malikiyya sun tafi a kan cewa kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya mallaka kafin mai bayarwa ya rasu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa. Mijin da ya ce ya ba matarsa jari amma ya bar shi a asusunsa har ya cika, ya bar ta da magana ne kawai, domin dukiyar za ta shiga gado, inda rabonta ɗaya bisa takwas ne in akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in babu. Haka kuma wanda ya ajiye jarinsa da sunan mace ɗaya domin wata dabara, alhali bai yi nufin kyauta ba, ya shuka rigima tsakaninta da sauran magada.

Saboda haka lokacin yanke shawara shi ne ranar buɗe asusu. Mai son zuba jari ya karanta sharuɗɗan kamfanin ya ga ko sun yarda da sauya suna, nawa ne kuɗin fita, kuma me ake yi in mai asusu ya rasu. Ya yanke tun farko nawa ne nasa, nawa ne na matarsa, kowa ya buɗe da sunansa. In kyauta ce, a rubuta ta, a sa shaidu, a fitar da ita daga hannun mai bayarwa. Kuɗin da bai riga ya zama rance ba ana raba shi cikin minti biyar a banki. Da zarar ya shiga hannun masu cin bashi, sai an jira su.